Kafanchan: Ɗinki ya yi kyau, amma ina sunan mai shi?

Da zarar watan Disamba ya kama, barci kan ƙaurace wa idanun telolin Kafanchan. Ƙarar keken ɗinki da ta janareta kan kai tsakar dare, domin 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke zaune a Abuja da Legas da Jos na shirin dawowa gida, kuma kowa na son sabon kaya na Kirsimeti da bukukuwan aure da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Hotunan tufafin kan cika Facebook da Instagram, ana ta yabo. Sai dai idan aka juya wuyan rigar, da wuya a ga sunan wanda ya ɗinka ta. Biki na watsewa, sai kayan su bi masu su zuwa birane, telan kuma ya koma jiran wata shekarar.

Yankin ya san irin wannan asara a wani fannin. Cittar Kachia da Kwoi na fita a buhuna marasa suna, wasu su sarrafa ta su ɗora mata tambarinsu, su kwashi kaso mafi tsoka na ribar. Abin da ke faruwa da ɗinki bai yi nisa da haka ba.

Gadon da ke kwance

Abu mafi wuya ga mai son kafa tambarin tufafi shi ne samun labarin da ba aro ba, kuma a nan Kudancin Kaduna ba ta da talauci. A 1928 ne masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko kusa da ƙauyen Nok, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta yau. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu daga yankin Jema'a, wanda kafin nan aka kafa a gonar doya don korar ɓarna. Waɗannan sassaƙe-sassaƙe da suka haura shekara 2,000 suna da siffa da ba a rikita ta da wata: idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya, kitso iri-iri, da tarin duwatsun wuya da awarwaro. Duk wanda ya san surfani ya san cewa irin waɗannan siffofi na iya komawa zane a wuyan riga, ko maɓalli, ko ƙaramar alamar da za a riƙa gane kaya da ita.

Ga kuma bukukuwa irin su Tuk Ham na al'ummar Ham a Kwoi, da Ayet na Atyap, da Afan, inda al'ummomi kan fito cikin saƙi mai ratsi da launukan da suka zaɓa su wakilce su. Shi kansa Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar layukan dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos, ya tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da 'yan ƙasa a kasuwa ɗaya. Telan da ya tashi a irin wannan gari ya saba ɗinka kaftani da safe, ya ɗinka rigar mawaƙan coci da yamma.

Waɗanda suka riga suka gwada

A Afirka ta Kudu, Laduma Ngxokolo ya fara da tambaya guda: me samarin Xhosa za su sa bayan sun kammala al'adar shiga manyantaka, maimakon rigunan sanyi na Turai? Sai ya ɗauki zanen duwatsun ado na mutanensa ya mayar da shi saƙar ulu, ya sa wa kayan suna MaXhosa. A 2018 ya zargi kamfanin Zara da kwaikwayon zanensa a jikin safa, kamfanin kuma ya janye kayan daga kantunansa. Abin da ya ba shi bakin magana shi ne jama'a sun riga sun san zanen da sunansa.

A gida Nijeriya, Kenneth Ize ya jingina aikinsa ga saƙar aso-oke da masaƙan Ilori, har ya nuna kayansa a makon baje kolin tufafi na Paris a 2020, inda Naomi Campbell ta sa su. Su biyun sun zaɓi abu ɗaya daga gadonsu, suka dage a kansa har ya zama da an gani an san nasu ne.

Alƙawarin da ke bayan suna

Teloli da yawa na ɗauka cewa an gama da zarar an zana tambari an buɗe shafi a intanet. Mai saye kuwa abin da ya dame shi daban ne. Yana son rigar da ya saya a Disamba ta yi daidai da wadda zai aika a kawo masa a Afrilu, a awo da yadi da ƙarfin ɗinki. Wannan na nufin barin dogaro da awon mutum ɗaya-ɗaya kawai, a fito da tsayayyen ma'auni na ƙarami da matsakaici da babba, a rubuta shi, kowane yaron shago ya bi. Yana kuma nufin taƙaita launuka da salo, ko da kasuwa na ruɗin wani sabon yayi, da manna ɗan ƙyalle mai suna da garin da aka ɗinka a jikin kowace riga. Sama da komai akwai cika alƙawarin ranar karɓa, wanda shi ne tabon da ya fi ɓata sunan teloli a ko'ina.

Yadi ma matsala ce. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Yau telan Kafanchan na sayo yadi daga Kantin Kwari a Kano ko kasuwannin Aba, kuma ba shi da tabbacin samun irin na bara. Mai son kayansa su tsaya a kama ɗaya zai fi samun kwanciyar hankali idan ya ƙulla yarjejeniya da masaƙan hannu ko marina, waɗanda za su iya maimaita masa ratsi da launi duk lokacin da ya nema.

Takarda da haƙƙin jama'a

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ta kare tambari. Wannan aikin ofishin rajistar tambura ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, inda tufafi ke rukuni na 25. Rajistar farko na ɗaukar shekara 7, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Sabon zane kuma ana iya yi masa rajista ta daban ta shekara 5, da damar sabuntawa sau biyu.

Akwai iyakar da takarda ba ta tsallakewa. Launukan wata al'umma ba mallakin tela ɗaya ba ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta sanya tufafi da saƙar gargajiya cikin kayan al'ada da ake karewa. A yankin da ya ɗanɗana ɗacin rikicin ƙabilanci da na addini, ɗaukar kayan da ake girmamawa a mayar da su adon liyafa ba tare da tuntuɓar masarauta ko ƙungiyar raya al'umma ba na iya jawo ɓacin rai da zai fi ƙarfin ciniki. Tambarin da ya faɗi inda ya samo zanensa, ya kuma biya masaƙa haƙƙinsu, shi ne zai samu mutanen gida su tsaya masa.

Kasuwar farko tana nan a ƙofar gida: ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da masu ankon biki, da dubban da ke dawowa kowace shekara. Su ne za su kai rigar Abuja da Landan. Idan aka tambaye su inda suka samo ta, amsar da telan ke buƙata ita ce a juya wuyan rigar a karanta sunansa, da Kafanchan a ƙarƙashi.