Lada, Tukwici Da Na Goro A Iyakar Jibiya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san ba a wuce Magama, inda iyakar Jibiya ta ke, ba tare da an sa hannu aljihu sau uku ko huɗu ba. Ga mai baro ya kwashi kaya, ga ɗan kamasho ya samo mota, ga yaro ya tsare buhu sa'ad da mutum ya tafi salla. Malamai da akawuna da yawa sun tambaye mu, nawa ya kamata a bayar, kuma wa ya cancanci a ba shi? Amsarmu ita ce, abin da a ke bayarwa a kan hanya iri uku ne, kuma rikici duka daga gwama su ya ke tasowa.

Na farko shi ne lada, watau hakkin wanda ya yi maka aiki. Wannan bashi ne a kanka, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a yi ciniki kafin a ɗora kaya a ka. A bakin iyaka wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi, domin kuɗi biyu ke yawo a wurin, naira da sefa, kuma kowanne da irin ƙirgarsa. Mutanen Nijar da dala su ke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, jika guda kuma sefa 1,000. Mu kuwa tun zamanin fam da sule jakarmu fam 100 ce, da naira ta zo a 1973 ta zama naira 200.

Wani malami da mu ka koyar ya ba mu labarin yadda wannan ya rutsa da shi. Za shi biki Maraɗi da kaya niƙi-niƙi, ya ce wa wani ɗan dako a Ɗan Isa zai ba shi jaka. Ɗan dako ya yi ta godiya, ya kwashe kaya da gudu. Da malam ya miƙa naira 200 sai fuska ta sake, don shi jikar sefa ya ji, wadda ta ninka wancan kuɗi sau da yawa. A ka taru a kansu, a ƙarshe malam ya biya abin da bai yi niyya ba, ɗan dako ya tafi yana ganin an so a cuce shi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Da malam ya faɗi adadi, ya kuma ambaci sunan kuɗin, da an rabu lafiya.

Na biyu shi ne tukwici. A al'adarmu asalinsa ɗan abin da a ke ba wanda ya kawo kyauta ko albishir, shi ya sa a ke cewa yaba kyauta tukwici. Daga nan ya yaɗu zuwa ɗan ƙarin da a ke yi wa wanda ya kyautata aikinsa. Alamunsa uku ne: bayan aiki a ke ba da shi, mai bayarwa ke yanke yawansa, kuma in ba a bayar ba babu wanda zai tare hanya.

To, yaya za a auna shi? Shawararmu ita ce a riƙe ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma na ladan aikin. Dattawa za su tuna lissafin, sule biyu a fam. Yau in dako ya kama naira 1,000, ƙarin naira 100 ya isa. A jika guda ta sefa, dala ashirin. In aikin ya yi wuya, ko an yi shi cikin tsakar rana, ko mutum ya tsince maka abin da ka yar, sai a kai kashi biyu cikin goma. Inda ba a yi ciniki ba, kamar yaron da ya nuna maka tasha, a ba shi abin da zai sayi ƙosai ko shayi. Amma fa kada a ba yaro kuɗi mai yawa, don kada ya ga tasha ta fi makaranta riba. Wannan ya shafe mu malamai ƙwarai.

Akwai kuma waɗanda miƙa musu kuɗi cin fuska ne. Dattijon da ya sauke ka a gidansa a Maraɗi ba baƙo ba ne a wurinka, domin sarakunan Katsina na Haɓe ne su ka kafa mulkinsu a garin bayan jihadi, tun kafin Ingilishi da Faransa su shata wannan iyaka. Irinsa tsaraba a ke kai masa, goro ko turare, tukwicin kuma a ba yaran gida ranar tafiya. Ɗan canji da dillali kuwa ribarsu da la'adarsu na cikin cinikin, ba sai an ƙara ba.

Kowace ƙasa da nata tsari. A Amurka mai cin abinci a otal ya kan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100, dalili kuwa dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai hidimar teburi dala 2.13 kawai a awa tun 1991, sauran sai abin da baƙi su ka bari. A Faransa an riga an sa kuɗin hidima cikin takardar biya. A Japan ba a saba bayarwa ba sam. Saboda haka ba abin kunya ba ne baƙo ya tambayi ɗan gari yadda a ke yi.

Na uku shi ne wanda a ke sakaya sunansa, a ce na goro ko na ruwa, alhali ma'aikacin hukuma a ke miƙa wa a bakin aikinsa. A gwada shi da alamun nan uku. Kafin aiki a ke ba da shi, mai karɓa ke yankawa, wanda ya ƙi kuma ya yini a gefen hanya. Wannan sunansa cin hanci, kuma dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa ta 1959 ta hana shi, haka ma dokar da ta kafa hukumar ICPC a 2000, wadda ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Kuɗin da hukuma ta ɗora yana da rasit, sai a nema.

Mun san talaka ya sha wuya a wannan hanya. An rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. A ka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 a ka buɗe. Masu baro da 'yan dako su ne su ka fi jin jiki a waɗannan shekaru. Abin takaici shi ne a ga mai albashi ya yi ta ja-in-ja da ɗan dako a kan naira 50, sa'an nan ya dunƙule naira 1,000 ya miƙa wa wanda gwamnati ta riga ta biya.

Mu ma'aikata sai mu tuna, gobe mu ne a bayan tebur, wani talaka na tsaye da takarda a hannu. Mu biya lada cikakke, mu yi tukwici daidai ƙarfinmu, na ukun kuwa kada mu bayar, kada mu karɓa. Allah ya sa mu dace, amin.