Kamara ta hannu: a saya ko a bari?

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƴan bidar Adar sukan kamo hanyar gida daga Abijan, Kwatanu, Lome ko Libiya domin su tari damina. A da tsarabarsu rediyo ce da agogo da turamen atamfa. Yanzu salula ce, kuma jefi-jefi akan ga wata baƙar kamara mai nauyi, da sunan Canon ko Nikon bisa goshinta. Kafin hatsi ya nuna aljihu ya bushe, sai kamarar ta fita neman mai saye. Ta haka ne take isowa shagon Alhaji a kasuwar Tawa, ko ofishin ma'aikacin gidan gona, ko gidan mushen lakwal, tare da magana mai daɗi: «Sabuwa ce fil, sau biyu kawai anka yi aiki da ita.»

To, jama'a masu karatu, Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Bari mu sauko da shi ƙasa mu dube shi.

Irin wagga kamara ita ce masu sana'a ke kira refleks, saboda madubin da ke cikinta. Haske yana shiga ta idon kamara, wato obijektif, madubin ya karkata shi zuwa ƴar tagar da mai ɗauka ke leƙawa. Sa'ad da anka danna, madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, haske ya faɗa bisa wani ɗan allo mai karɓar sura, wanda ya maye gurbin fim. A 2003 ne kamfanin Canon ya fito da EOS 300D, refleks ta farko maras fim da kuɗinta ya kasa dalar Amurka 1.000, Nikon kuma ya biyo da D70 a 2004 da D40 a 2006. Daga nan ƙananan refleks sunka cika duniya: D3100 a 2010, 600D da 1100D a 2011, har zuwa D3500 da 2000D a 2018. A wannan shekara ta 2018 kamfanonin biyu sunka juya akalarsu wajen kamarori marasa madubi, Turawa sunka shiga sayar da tsofaffin nasu, su kuwa sunka gangaro mana, kamar yadda motocinsu ke gangarowa. Wanga shi ne asirin araharta. Yayinta ne ya wuce can, aikinta bai ƙare ba.

Tambaya ta farko ba kamarar ta shafa ba, mai sayen ta shafa. Mi za ka yi da ita? Ɗan kasuwar da ke son ya nuna wa abokin cinikinsa na Abijan buhunan albasar Galmi, ko ya aika hoton rago ta WhatsApp gab da Layya, ba shi da bukatarta ko kaɗan. Salular da ke aljihunsa ta fi ta sauri, kuma ba ta neman jaka. Haka ma'aikacin da bukatarsa ba ta wuce hoton taro domin rahoton ƙarshen wata ba. Mun san gidaje inda irin wagga kamara ke kwance cikin akwati tare da rigunan salla, an saye ta domin a ce an saya.

Inda take nuna fifiko wuri uku ne: nesa, duhu da motsi. Allon da ke cikinta ya kai wajen milimita 23 bisa 15, abin da ya ninka na salula mai araha sau goma ko fiye, shi ya sa take tara haske a daren biki inda salula ke ba da hoto kamar an watsa masa rairayi. Kuma ana canza mata ido. Ma'aikacin kiwo da ke son hoton garke daga nesa a Abalak, ko na gandun daji da ke bin tsuntsaye a tabkin Tabalak, ko mai son ya kama daidai lokacin da ɗan kokowa ya ɗaga abokin karonsa a wanga gari da anka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, waɗannan duka suna da hujja. Wanda ya fi su hujja shi ne saurayin da ke son ya mai da ita jari, ya bi bukukuwan aure da suna da saukar karatu. Shi kam ba abin wasa yake saye ba, abincinsa ne, kuma sau da yawa da kuɗin babansa ko na wansa da ke bida. Domin shi munka fi yin wanga bayani.

Waɗanda sunka yi sana'ar hoto zamanin fim ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi. Fim da takardar wanki da magunguna duk daga waje suke zuwa, sai sunka yi tashin gwauron zabo, mai hoto ya koma lissafa kowace dannawa cikin 36 ɗin da ke cikin fim guda. Yaran yanzu suna zaton dannawa kyauta ce. Ba kyauta ba ce ƙwarai. Labulen nan da munka ambata inji ne, yana da kwanakinsa. A yawancin ƙananan refleks an ƙiyasta masa dannawa wajen 100.000. Wani yakan zarce haka nesa, wani ya mutu bai kai ba, amma da wannan adadi ake awo. A ce kamara ta riga ta yi 70.000: saura 30.000 ke nan. Idan yaro yana ɗaukar hoto 500 a kowane biki, biki 60 ya saya, ba kamara ba. Sai ya zauna ya duba ko ribar biki 60 za ta biya kuɗinta, ta ciyar da shi, ta kuma tara masa na wata. Wadda ba ta wuce 10.000 ba kuwa, ko da fatarta ta ɗan koɗe, ta fi mai ƙyalli da ta tsufa a ciki.

Sanin adadin ba shi da wuya a Nikon, domin tana rubuta shi cikin bayanan da ke ɓoye a kowane hoto: a ɗauki hoto guda, a kai shi ga mai kwamfuta, ya karanto. Ƙananan Canon sai an haɗa kamarar kanta da kwamfuta ta waya. Idan duka ba su samu ba, a dubi robar da hannu ke kamawa da rubutun da ke bisa maɓallai. Kamarar da «sau biyu kawai anka yi aiki da ita» ba ta da dalilin da rubutunta zai goge.

Bayan labule sai cututtuka biyu, ɗaya ta teku, ɗaya tamu. Kamarar da ta yi shekaru a Kwatanu ko Abijan ta sha laima, laima kuwa tana haifar da hunhuna cikin gilashin ido. A cire idon, a haska fitilar salula ta baya, a leƙa ta gaba. Idan an ga wani abu kamar saƙar gizo ko farin hazo a ciki, a aje shi, domin hunhunar da ta daɗe tana cin fuskar gilashi, goge ba ya fid da ita. A buɗe ɗakin batir ma a duba ko ƙarafansa sun yi tsatsa ko kore.

Tamu cutar ita ce ƙura, kuma a nan ne ya kamata mutumin Adar ya fi kowa tsayawa. Waɗannan ƙananan kamarori ba a toshe gaɓoɓinsu domin ƙura da ruwa ba, sai manyan ƴan'uwansu masu tsada. Idon da ke zuwa tare da su, mai lamba 18-55, duk lokacin da anka murɗa shi yana shaƙar iska yana fitarwa, iskar hunturu kuwa kowa ya san abin da take ɗauke da shi tun daga Nuwamba har Fabrairu. Gwajin mai sauƙi ne: a sa kamara bisa harafin A ko Av, a kai lambar buɗewar ido 22, a ɗauki hoton sararin sama ko farin bango, sannan a faɗaɗa hoton a duba. Ɗige-ɗige kaɗan ba komi ba ne, ana share su. Amma zane dogo da ba ya gusawa alama ce wani ya taɓa sa tsumma ko tsinke ya karce allon, kuma wannan ba shi da magani sai canji. Bayan an saya, kada a canza ido a fili cikin iska, kada a hura cikinta da baki, a nemi ƴar robar hura iska. Sannan zafi: takardun kamfanonin biyu sun ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, mu kuwa a Afirilu da Mayu mukan wuce 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Ba za ta narke ba, amma wanda ya bar ta cikin mota a rufe da azahar ya zalunce ta.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama masu ilimi, domin su ne ke zuwa Kano ko Yamai su ƙaro ido na biyu. Idon 18-55 ya isa hoton ango da amarya da na taro, amma a filin kokowa gajere ne, sai an nemi 55-200 na Nikon ko 55-250 na Canon. A ɓangaren Canon babu wahala, duk idon da anka rubuta wa EF ko EF-S yana hawa, ban da sababbin masu RF. A ɓangaren Nikon sai an lura. D40 da dukan jerin D3000 ba su da injin daidaita gani cikin jikinsu, sai idon da ke da nasa, mai alamar AF-S. Tsohon ido mai AF kawai zai hau, amma da hannu za a riƙa murɗa shi, amarya kuwa ba ta jira. Mai alamar AF-P kuma ba ya aiki da D3200 da waɗanda sunka girme ta. Haka nan 4000D da 2000D na farko-farko an fito da su babu ɗigon ƙarfen da ke tsakiyar mazaunin filas, saboda haka filas mai araha na wasu kamfanoni ba ya tashi a kansu. Mai aikin dare ya gwada filas ɗinsa kafin ya biya.

Maganar miliyoyin ɗigo da dillalai ke cika baki da ita kada ta ruɗi kowa. Hoton 10 bisa 15 da ake wankewa a ba mutane bai bukaci fiye da miliyan 2 da ƴan kai ba, D40 ma mai miliyan 6 ta wadatar. Abin da ya sa ba mu ba da shawarar waɗancan tsofaffi ba wani ne daban: 300D, 350D da 400D suna cin babban kati irin CompactFlash, wanda samunsa ya yi wuya, kuma babu ɗayansu, har da D40, da ke ɗaukar bidiyo. A ganinmu kada a sauka ƙasa da 2010. Ko masu bidiyon ma a sani babu wadda ke wuce minti 30 a ɗauka guda, wasu minti 10 ko 20 ne iyakarsu, kuma D3100, D3400 da D3500 ba su da ramin sa makirfo. Wanda ke nufin ɗaukar wa'azi ko wasan makaɗa tun daga farko har ƙarshe, wata na'ura yake bukata.

Batir kuwa shi ne rai ga mai shiga ƙauyukan Keita da Buza da Cintabaraden inda ba ko'ina ke da wuta ba. Bisa awon kamfani, sabon batir na D3500 yana ba da hoto 1.550, na 2000D kuwa 500. Na hannu ba zai kai haka ba, domin batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. A sa kuɗin na biyu cikin lissafi tun farko, tare da kati da jaka da ɗan abin da ke haɗa kati da salula, tun da masu biki yanzu a daren suke son hotonsu. A tabbata kuma an haɗo da abin cajinta na asali. Mai nufin yin arewa ya tuna cewa a 2017 an sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara: babbar kamara tana jawo ido, ya riƙe takardunsa, ya nisanci bariki da shingen sojoji.

Game da farashi, ba za mu yanka wa kowa ba, amma akwai ma'auni. Yuro guda sefa 655,957 ne, wato yuro 100 jika 65 da ƴan kai. Wanda ke da ɗa ko ƙane a Turai, ko mai iya shiga intanet, ya tambayi nawa ake sayar da irinta ta hannu a can, ya ɗora kuɗin hanya da na duwan da ribar mai kawowa. Abin da ya haura haka nesa, kuɗin daɗin baki ne. Ya kuma tuna cewa idan ta lalace, gyaran yakan kai mutum Yamai, wajen kilomita 550, ko ya tsallaka Ƙonni zuwa Najeriya, kuma sau da yawa kuɗin sabon labule da na mota sun kusa sayen wata ta hannu.

Saura sharaɗin ciniki. A nemi kwana uku na gwaji gaban shaidu biyu, a yi aiki da ita rana da dare, a ɗauki hoto ɗari biyu ko uku, a gani ko tana tsayawa ko tana rubuta «Err» bisa allonta. Addini ma ya ba mai saye damar mai da kaya idan aibin da anka ɓoye ya bayyana, amma mai da kaya ga wanda ya riga ya koma Abijan bayan girbi ba abu ne mai sauƙi ba. A ƙarƙashin kowace kamara akwai lamba, idon ma yana da tasa. A rubuta su duka biyu bisa takardar ciniki tare da sunan mai sayarwa da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Idan an tarar an kankare lambar ko an ɓamɓare takardar da take kai, a mai da masa kayansa tun ba a kai ga kwamisariya ba.