Mutanen Boise Sun Ɗora Wa Kansu Haraji Don Hanyar Gindin Dutse

Ba kasafai akan ji talakawa sun yarda a ƙara musu haraji da bakinsu ba. Amma haka ya faru a Boise, babban birnin Jihar Idaho ta ƙasar Amurka, fiye da sau ɗaya. Abin da suka saya da kuɗin kuwa shi ne tuddan da ke bayan gari, da 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa su.

Boise gari ne mai mutane wajen 235,000 bisa ƙidayar 2020, yana zaune a kwari, tuddai masu ciyawa sun tokare shi ta arewa. Mutanen garin sun san sharrin wasa da waɗannan tuddai. A watan Agusta na 1959 gobara ta cinye ciyawar, ruwan sama ya biyo baya, laka ta gangaro har cikin titunan gari. A 1996 kuma wata gobarar ta ƙone fiye da eka 15,000.

Da gari ya yi ta bunƙasa, sai masu gina gidaje suka fara hawa tudu. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin yawancin filayen da ke kusa da gari suna da masu su, kuma wanda ya sayar wa magina ya toshe wa jama'a hanya har abada. Saboda haka a watan Mayu na 2001 aka jefa ƙuri'a, kashi 59 cikin 100 suka amince a ƙara harajin gidaje da filaye na shekara biyu, a tara dala miliyan 10. Da wannan kuɗi aka tsare fiye da eka 10,000, wasu ta hanyar saye, wasu ta musayar fili, wasu kuma masu su ne suka bayar. A 2015 aka sake neman wata dala miliyan 10, wannan karon kashi 74 cikin 100 suka ce sun yarda.

Aikin hanyoyin kansu yana hannun wata haɗaka mai suna Ridge to Rivers, watau daga tudu zuwa kogi, wadda aka kafa a 1992. Hukumomi biyar ne a cikinta: ta gari, ta gunduma, biyu na Gwamnatin Tarayya masu kula da filaye da gandun daji, da ta jiha mai kula da namun daji. Sun shimfiɗa hanyoyi fiye da mil 190. Ɗaya daga cikin sababbin ita ce ta filin Hawkins, mai kusan eka 400, inda aka buɗe zagayen sama da mil 5 a 2023.

Mai karatu zai ce, mene ne abin wahala a fitar da turba? Ai ruwa ne babban abokin gaba. In aka miƙe hanya sak daga ƙasa zuwa sama, damina ɗaya ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Don haka sai a bi gefen tudu ana hawa sannu sannu, a ɗan karkata bayan hanyar yadda ruwa zai tsallake ya wuce, a kuma bar 'yan gangare nan da can don ya sami mafita. Ma'aikata na yi da diga da shebur, jama'ar gari kuma na fitowa aikin gayya.

Bayan an gama ma da sauran aiki. Ƙasar wurin tana da yumɓu, in aka taka ta da danshi sai sawun ya bushe ya zama rami, shi ya sa ake roƙon mutane su haƙura da hanya mai laka. Da hunturu kuma akan rufe wasu wurare, saboda barewa da ke gangarowa neman abinci in ƙanƙara ta rufe kan duwatsu.

Yau ma'aikaci a Boise yakan tashi daga aiki, cikin 'yan mintoci ya kai kan tudu yana kallon garinsu, ba wanda zai karɓi ko sisi a hannunsa. Ya riga ya biya tun ranar ƙuri'a.