Yadda gungun furotin ke gina tsoka, da abin da ke faruwa idan ɗaya ya ɓace

A kasuwar shanu ta Ngurore da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, mahauci kan dafa cinyar bijimin gudali kafin ya taya. Tsoka yake aunawa, wato jan naman da ke manne da ƙashi. A jikin ɗan Adam irin wannan tsoka ta haura 600, kuma ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin baligi.

Ginin tsoka yana farawa tun a ciki. Wasu ƙwayoyin halitta na ɗan tayi sukan yi ta rabuwa, sannan su tsaya, su jeru, su haɗe su zama dogon zare guda. Furotin mai suna MyoD, wanda Harold Weintraub da abokan aikinsa suka gano a birnin Seattle na Amurka a 1987, shi ke ba da umarnin. Ƙarfinsa ya kai idan aka sa shi a wasu ƙwayoyin da ba na tsoka ba, sai su rikiɗe su koma na tsoka.

Sai dai MyoD ba ya aiki shi kaɗai. Dole ya kama wani furotin su zama biyu kafin ya zauna a kan zaren gado na DNA. Da yake zaren a nannaɗe yake tamau, sai ya kira wani babban gungu, SWI/SNF, ya sassauta shi domin a iya karanta umarnin da ke ciki. Idan gungun bai cika ba, ƙwayar ba za ta nuna ba.

Akwai kuma mai taka burki. A 1997 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka gano myostatin, furotin da ke hana tsoka wuce kima. Wasu shanun ƙasar Beljiyam da ba su da lafiyayyen myostatin tsokarsu curi-curi take, amma haihuwa na yi musu wuya har sai an yi musu tiyata, abin da makiyayin Adamawa ba zai yi sha'awa ba.

Inda lamarin ya fi shafar iyaye shi ne gungun dystrophin, wanda ke ɗaure cikin zaren tsoka da bangonsa don kada ya yage yayin motsi. Rashinsa ke haddasa cutar Duchenne, wadda ke kama kusan yaro namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000, kuma galibi ta wajen uwa ake gadonta. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 yaron kan riƙa faɗuwa, sharaɓarsa ta yi kauri, idan zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyinsa.

Sau da yawa akan ɗauka shan inna ne ko iska. Shan inna kuwa farat ɗaya yake kamu bayan zazzaɓi, wannan kuma a hankali take ci, shekara bayan shekara.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma wasu magunguna da gashi da kula da zuciya da numfashi suna tsawaita lokacin da yaro zai yi yana tafiya, suna kuma ƙara masa shekaru. Gwajin jini na sinadarin CK shi ne matakin farko. Iyayen da suka ga waɗannan alamu a Yola ko Jimeta, su nemi likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ko Asibitin Ƙwararru, su kuma faɗa masa idan akwai wani kawun yaron ta wajen uwa da ya taɓa yin irin wannan ciwo.