Gyaɗa Mai Funfuna: Yaya Aka Gane Tana Cuta?

Ya mai karatu, wataƙila ka taɓa cewa, "Kakana ya ci gyaɗa har ya tsufa, ba abin da ya same shi." Gaskiya ne. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Haka masu binciken lafiya, sai sun tara shaidu sun auna kowace kafin su ce abinci yana da haɗari. Ga yadda suka yi da gyaɗa.

Shaida ta fari: dabbobi. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abinci mai garin gyaɗa. Aka bincika, aka sami dafin da funfuna ke haifarwa, aka sa masa suna aflatoksin. Amma talotalo ba mutum ba ne, wannan shaida kaɗai ba ta isa ba.

Ta biyu: annoba. A 2004 a Kenya mutane fiye da 300 suka kwanta da shawara bayan cin masarar da aka ajiye da danshi, 125 suka rasu. Wannan ya nuna dafi mai yawa yana kisa nan take. Bai nuna abin da kaɗan-kaɗan ke yi cikin shekaru ba.

Ta uku: kwatanta mutane. A nan Sudan an tambayi masu ciwon daji na hanta daga Jazira da Kordofan abin da suke ci, aka tambayi masu lafiya haka nan. Aka ga ciwon ya fi kama masu yawan cin dakwa. Raunin wannan shaida shi ne, mutum yakan manta abin da ya ci bara.

Ta huɗu: awo a jiki. A Shanghai ta ƙasar Sin an ɗebi fitsarin dubban maza tun suna lafiya, aka bi su shekaru. Masu dafin a jiki sun fi kamuwa. Wanda kuwa ke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B tare da dafin, haɗarinsa ya ninka ƙwarai.

Kowace shaida tana da gurbi, amma inda ɗaya ta gaza wata ta cike, duka huɗu kuwa hanya ɗaya suka nuna. Da irin waɗannan shaidu hukumar binciken daji ta duniya ta sa aflatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Ba kowane mai ci zai kamu ba. Yawan ci da daɗewa su ke ƙara haɗari.

To, me za ka yi? Ba a ce ka bar gyaɗa ba, abinci ce mai gina jiki.

1. Shanya ta a kan tabarma ta bushe sarai kafin ka sa a buhu.
2. Ɗora buhu a kan katako, nesa da bango da yoyon damina.
3. Kafin a daka dakwa, ƙuli-ƙuli ko yajin agashe, a tsince mai funfuna, mai ɗaci da wadda ta yanƙwane. Suya ba ta kashe dafin.
4. Kada ka ba saniya ko akuyar tatsa, domin dafin yana bi ta nono.
5. Kai jariri rigakafi, akwai na ciwon hanta a ciki.

In ka ga ido ya yi ɗorawa ko ciki yana kumbura, zo asibiti da wuri. Allah ya tsare mu.