Kafin ka zuba kuɗi a kan silaidar sifirin: gargaɗi ga masu motocin jeji

A tsakanin masu tseren motoci na hamadar Baja da ke ƙasar Meziko, inda ake fafata gasar Baja 1000 tun 1967, da takwarorinsu na kwarin Johnson a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda gasar King of the Hammers ta samo asali a 2007, akwai wani ɗan zobe da ba ya cika tafin hannu biyu amma musu a kansa ba ya ƙarewa. Sunansa silaida. Wasu sun rantse cewa wadda kamfanin shakazoba ya haɗo da ita ta wadatar. Wasu kuma sun ce sai an cire ta an sa ta musamman, mai jikin alminiyam, wadda wasu kamfanoni daban suke ƙerawa. Da a can musun ya tsaya, da babu ruwanmu. To amma yanzu tallar kayan ƙawata motocin jeji tana shigowa wayar kowa ta Facebook da TikTok, kuma mai Hilux a Kano ko mai Land Cruiser a Agadas yana iya ganin abu yana walƙiya ya aika kuɗi, bai san ko motarsa tana da inda za a sa shi ba.

Bari mu fara da inda abin yake zama. Koyiloba shakazoba ce da aka zura a cikin naɗaɗɗen sifirin suka zama abu guda. A motocin tsere da na hawan duwatsu, irin waɗanda ake ɗaura wa shakazobar Fox ko King ko Bilstein, ba sifirin ɗaya ake sa wa ba, biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Silaida ita ce zoben da ke tsakaninsu. Na sama yana zaune a kanta, na ƙasa yana tokare da ita, ita kuma tana zamewa sama da ƙasa a jikin shakazobar duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu.

Hikimar haɗa sifirin biyu lissafi ne mai sauƙi. Ana auna taurin sifirin da yawan nauyin da zai matse shi inci ɗaya. Idan ka ɗora mai taurin fam 200 a kan wani mai fam 200, taurinsu a haɗe fam 100 ne kacal, domin kowanne yana ɗan lotsawa a lokaci guda. Mai 250 a kan mai 350 kuwa zai ba ka kusan 146. Wannan laushin shi ke sa mota ta shanye ƙananan gargada ba tare da ta girgiza mutum ba. Amma a saman silaida akwai wani noti da ake murɗawa a jikin shakazobar, shi ne notin tsayarwa. Da mota ta faɗa babban rami, silaida za ta yi sama ta bugi notin nan ta tsaya cak. Daga nan sifirin sama ya gama aikinsa, na ƙasa kaɗai ke ɗaukar duka da cikakken taurinsa, sai motar ta ƙi dukan ƙasa. Laushi a ƙaramin rami, tauri a babba, ke nan.

To ka ga wahalar da ɗan zoben nan yake sha: goga a jikin ƙarfe ba dare ba rana, matsi daga sama da ƙasa, karo da noti, ga yashi, ga zafi. Shakazobar da ta daɗe tana aiki da gudu a kan gargada zafinta yakan wuce na tafasasshen ruwa. Shi ya sa kamfanoni suke yin silaida da roba mai tauri, dangin nailan ko wadda ake kira Delrin, da gangan. So ake ita ta cinye, jikin shakazoba ya tsira, kamar yadda takalmin birki yake cinyewa don kada ƙarfen da yake kamawa ya lalace. Wanda ya ga silaidarsa ta sassafce bayan dogon aiki ya ce an cuce shi da kayan banza, bai fahimci abin da aka yi ta dominsa ba.

Ita kuwa ta musamman ɗin, yawanci gangar jikinta alminiyam ne, a cikinta an cusa wani zoben roba mai santsi wanda ake iya zarewa a sauya. Sau da yawa takan fi ta asali tsawo. Amfaninta na gaskiya guda uku ne, kuma ba na raina su. Ba ta saurin tsagewa idan ta yi karo da noti. Tsawonta yana riƙe bakunan sifirin biyu su tsaya a miƙe, abin da ke rage gogar sifirin a jikin shakazoba da ƙarar da ke biyo baya. Sannan idan ta cinye, robar ciki kawai za a sauya. Ga mai tseren da tsagewar zobe ɗaya a tsakiyar hamada za ta iya fitar da shi daga gasar da ya shekara yana wa shiri, wannan ba almubazzaranci ba ne.

Abin da ba ta yi shi ne mai talla ba ya faɗa. Ba ta ƙara wa mota tsawo. Ba ta sa ta ɗauki kaya fiye da da. Ba ta sauya taurin sifirin ko da fam ɗaya, ba ta kuma taɓa aikin mai da bawul da ke cikin shakazoba, alhali su ne ke hana mota tsalle-tsalle. Motar da ke rawa a hanya saboda shakazobarta ta zubar da mai, ko ka sa mata silaidar zinari, rawarta za ta ci gaba da yi.

Akwai ma tarko a cikinta. Ta roba zalla idan ta ƙare, roba ce dai ke gogar ƙarfe. Ta alminiyam idan aka yi sakaci robar cikinta ta cinye, ƙarfe ne zai koma gogar ƙarfe, ga yashi a tsakani yana taya su. Abin da aka saya don ya kare jikin shakazoba sai ya zama shi ke kankare ta. Saboda haka mai tsadar ta fi mai arahar bukatar ido.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, silaidar da ke mutuwa da wuri yawanci ba ita ce mai laifi ba. A sa jak a ɗaga motar har taya ta yi lilo, a tsuguna a duba. Idan sifirin ƙasa gajere ne, za ka ga silaida ta sauko har bakin jikin shakazoba, wani lokaci ta zame ta fita gaba ɗaya, in mota ta sauko ta dawo a karkace ta daki bakin ƙarfen. Don gudun haka ne masu haɗa waɗannan motoci suka saba sa sifirin ƙasa ya kai tsawon tafiyar shakazoba ko ya ɗara ta da inci 2: shakazoba mai tafiyar inci 14, sai a sa mai inci 14 a sama, mai inci 16 a ƙasa. Idan kuma ka ga fentin sifirin sama ya goge a tsakanin zagayensa, ƙarfe yana sheƙi, alama ce yana matsewa har zagayen suna haɗewa kafin silaida ta kai ga noti, kuma duk wannan dukan a kanta yake ƙarewa. Notin tsayarwa da aka sauke ƙasa fiye da kima yana sa ta yi ta karo da shi ko a hanyar da ba ta kai ta kawo ba. Sifirin da ya gaji ya lanƙwashe zai tura ta gefe guda, ka ga ɓangare ɗaya ya cinye ɗayan yana nan sabo. Har faɗin sifirin yana da ƙa'ida: shakazoba mai kaurin inci 2 tana tafiya da sifirin mai faɗin ciki inci 2.5, mai inci 2.5 kuma da mai inci 3. Duk wanda ya sa silaida mai tsada a kan ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, ciwon yana nan, ya dai sa masa riga.

Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne shafa giris don a kashe ƙara. Kwana biyu za a ji shiru. Bayan nan giris ya kwashi yashi ya zama abin gurza, ya ci robar ya ci ƙarfen. Wanki da ruwa bayan an fito daga laka ko rairayi ya fi duk wani mai da za a shafa.

Yanzu mu dawo gida. Direbobinmu ba baƙin hamada ba ne. Gasar Dakar da ta tashi daga Faris a ƙarshen 1978 ta sha ratsa Agadas da Tenere kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, kuma har gobe Land Cruiser da Hilux ne ke ɗaukar mutane da kaya a waɗannan hanyoyi. Sai dai Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da aka fi gani a can, sifirin gabanta daban yake da shakazobarsa, bayanta kuma faifayen sifirin ne. Hilux ta 2005 zuwa yau tana da sifirin naɗe da shakazoba a gaba, amma guda ɗaya ne a kowane gefe, bayanta ita ma faifai ne. Inda babu sifirin biyu a jere, babu mazaunin silaida sam. Sai motar da aka sauya wa ƙafafu da gangan, ko ƙananan motocin rairayi irin su Polaris RZR da Can-Am Maverick, waɗanda da yawansu da sifirin biyu suke fitowa. Don haka idan mai shago ya ce maka, "Alhaji, wannan ce 'yan tsere suke sa wa, ka gwada ka ji laushi," ka leƙa ƙarƙashin motarka ka ƙirga sifirin tukuna.

Ga wanda motarsa take da sifirin biyu a jere, akwai gargaɗin da ya shafi rai. Sauya silaida sai an cire sifirin, shi kuwa a matse yake ko da mota tana kan jak. A sassauta notin sama a hankali har matsin ya tafi, ko a kama shi da abin matse sifirin na gaske. Ɗaure shi da waya ko igiya, kamar yadda ake gani a wasu garejoji, ganganci ne. In ya kuɓuce, haƙori ko ido ne a bakin hanyarsa. Na biyu, waɗannan shakazobobi cike suke da iskar naitirojin mai matsin da yakan kai 150 zuwa 200 a ma'aunin da tayar ƙaramar mota take shan 30 da 'yan kai. Sauya silaida ba ya bukatar a taɓa wannan iska. In kuwa ta kama a ƙara ta, kada a kuskura a ɗura iskar oksijin ta masu walda. Oksijin mai matsi da mai ba sa haɗuwa, fashewa suke yi.

Hukuncina a taƙaice: mai tsere, ko wanda ya daidaita tsawon sifirinsa da notinsa amma duk da haka silaidar roba tana tsage masa ko jikin shakazobarsa yana ciwuwa, ya sayi ta alminiyam, ya kuma riƙa duba robar cikinta duk lokacin da zai yi juyen mai. Kowa ban da shi ya zauna da ta asali, ya ajiye guda ɗaya ko biyu a akwatin sifana, tunda farashin ta musamman ya ninka nata kuma ƙafa huɗu za a saya wa. Ragowar kuɗin a kai su inda za a ji su a jiki: sabon mai da sil na shakazoba, bushin da suka mutu, da tayoyi masu kyau. Masu Hilux da Land Cruiser da ba a sauya wa ƙafafu ba kuwa, don Allah ku riƙe kuɗinku, wannan kaya ba naku ba ne.