Riƙon Amana a Mujallun Ilimi: Haƙƙin Marubuci da Mai Tantancewa da Edita

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi bayani a kan haƙƙoƙin da suka rataya a wuyan mutane uku waɗanda kowace maƙala takan bi ta hannunsu kafin ta fito a mujallar ilimi, watau marubuci da mai tantancewa da edita. Dalilin ɗauko wannan batu kuwa shi ne, mu malamai da mujallu muke koyarwa, a kansu muke ɗora bincikenmu, kuma da su ake auna mu ranar ƙarin girma. Mai karanta maƙala ba ya nan lokacin da aka yi binciken. Bai shiga ɗakin gwaji ba, bai kuma ji hirar da aka yi da mutanen ƙauye ba. Abin da ya dogara da shi kurum shi ne cewa waɗannan mutane uku sun riƙe amana.

2.0 Asalin Al'amarin

Mujallun ilimi na farko sun fito ne a shekarar 1665, ɗaya a Faransa mai suna Journal des Sçavans, ɗaya kuma a Landan mai suna Philosophical Transactions, wadda Henry Oldenburg ya yi wa edita. Tun daga wancan lokaci mujalla take yin aiki iri uku: tana shaida wanda ya fara gano abu, tana tace abin da ya cancanci bugawa, tana kuma adana shi domin na baya. Da mujallu suka yawaita, sai bukatar rubutattun ƙa'idoji ta taso. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a Bankuba ta ƙasar Kanada suka fara tsara sharuɗɗan karɓar maƙala. A 1997 kuma aka kafa kwamitin COPE a Birtaniya domin ba editoci shawara a kan ɗa'ar ɗab'i.

3.0 Abin da Yakan Faru Idan Amana ta Ɓaci

Domin kada maganar ta tsaya a baki, bari mu duba misali guda. A watan Fabrairun 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa 12. Maƙalar ta yi nuni da cewa wataƙila akwai alaƙa tsakanin cutar galahanga da allurar rigakafin nan da ake yi wa yara ta ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus. Yara 12 kacal aka yi binciken a kansu. Jaridu suka ɗauka suka yayata, iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga wajen kashi 92 cikin 100 zuwa wajen kashi 80 a shekarar 2003 zuwa 2004, ƙyanda kuma ta sake samun gindin zama a ƙasar.

A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bayyana cewa Wakefield ya karɓi kuɗi domin yi wa wasu lauyoyi aiki, lauyoyin da suke shirin kai masu yin allurar ƙara, kuma ba a faɗi haka cikin maƙalar ba. A wannan shekara marubuta 10 daga cikin 13 suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Amma sai a Fabrairun 2010 mujallar ta janye maƙalar gaba ɗaya, bayan hukumar likitocin Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya. A watan Mayu na shekarar aka soke sunansa daga rijistar likitoci. Manyan bincike da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa tsakanin allurar da cutar ba.

Abin lura a nan shi ne shekaru 12 da maƙalar ta yi tana ɗauke da sunan babbar mujalla. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, to amma kafin a kai ƙarshen wannan rami yara da yawa sun kamu da cutar da ake iya kare su daga gare ta.

4.0 Haƙƙoƙin Ɓangarori Uku

4.1 Marubuci. Haƙƙinsa na farko shi ne ya faɗi abin da ya samu yadda ya same shi, kada ya ƙirƙiri alƙaluma, kada kuma ya zubar da waɗanda suka saɓa wa ra'ayinsa. Na biyu, ya danganta kowace magana ga mai ita, domin satar fasaha sata ce ko da an sauya kalmomi ko an fassara daga wani harshe. Na uku, kada ya aika maƙala ɗaya zuwa mujallu biyu a lokaci guda, kada kuma ya yayyanka bincike ɗaya ya mai da shi maƙalu huɗu. Na huɗu, ya bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken. Batun sa suna kuwa, ƙa'idar editocin likitanci ta ce marubuci shi ne wanda ya yi aiki na haƙiƙa a binciken, ya sa hannu a rubutun, ya amince da sigar ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi a kanta. Bisa ga haka, sa sunan shugaban sashe don girmamawa, ko na aboki don ya biya rabin kuɗin bugu, yaudarar mai karatu ce. Saboda wannan dalili ne a 2023 COPE ta bayyana cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuciya, tunda ba a iya tuhumarta.

4.2 Mai tantancewa. Maƙalar da aka ba shi ajiya ce. Ba ya nuna ta ga wani, ba ya tsintar ra'ayi daga cikinta ya riga mai ita bugawa. Idan fannin ba nasa ba ne, ko yana da ƙawance ko gaba da marubucin, sai ya mayar wa edita. Sukarsa ta tsaya a kan hujja, ya kuma nuna hanyar gyara, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

4.3 Edita. Shi ne mai yanke hukunci, saboda haka ingancin aiki kaɗai zai duba, ban da muƙami ko ƙabila ko sanayya. Idan shi ne ya rubuta maƙala, wani editan ne zai kula da tantance ta. Idan kuma kuskure ya bayyana bayan bugu, wajibi ne ya buga gyara ko ya janye maƙalar a fili, tare da faɗin dalili, ba tare da jinkiri ba.

5.0 Mujallun Neman Kuɗi

Zuwan intanet ya haifar da mujallun da suke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. A 2013 John Bohannon ya rubuta maƙalar bogi mai cike da kurakurai bayyanannu, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Wannan matsala ta shafe mu kai tsaye, domin muddin kwamitin ƙarin girma yana ƙidaya maƙalu ba ya karanta su, malami zai nemi inda ake bugu cikin mako guda. Alamomin irin waɗannan mujallu sanannu ne: alkawarin bugu cikin kwanaki kaɗan, da neman kuɗi kafin gyara, da karɓar kowane fanni a fitowa ɗaya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata muna ba da shawarwari uku. Kowace mujalla ta kwaleji ko ta jami'a ta buga ƙa'idojinta na tantancewa da na janye maƙala a kowace fitowa. Kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta zaɓaɓɓun maƙalun malami maimakon ƙidaya su. Sa'an nan a koya wa ɗalibai danganta magana ga mai ita tun daga kundin kammala karatunsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma daga cikin waɗannan ɗalibai ne za a sami editocin gobe.